Ƙirga kowa ko tambayar kaɗan?

Duk mai son sanin wani abu game da jama'a mai yawa, hanya biyu ce a gabansa. Ko dai ya bi gida-gida ya ƙirga kowa, wato ƙidaya, ko kuma ya tsamo wasu 'yan kaɗan ya yi musu tambaya, ya ɗauki amsarsu a madadin ta saura, wato samfuri. A nan darasin farko na ilimin ƙididdiga yake farawa. Zuciyar yawancinmu ta fi kwantawa da ƙidaya, domin a ganinmu wanda ya ƙirga kowa bai bar ƙofar shakka ba. Tarihin Najeriya bai goyi bayan wannan zato ba.

An yi ƙidaya a 1962, rikici ya tashi, aka soke ta. Aka sake a 1963, aka ce mu miliyan 55.6 ne, wasu yankuna suka ce ba su yarda ba. Ta 1973, zamanin Gowon, ta ba da miliyan 79.8, gwamnatin Murtala ta yi watsi da ita a 1975. Shekara goma sha takwas bayan wannan ƙidaya, ta 1991 ta samu kusan miliyan 89 kacal, abin da ke nuna lallai ɗaya daga cikin biyun ta yi ƙarya. A 2006 aka samu miliyan 140, Kano na da kimanin miliyan 9.4, Legas miliyan 9 da 'yan kai. Gwamnatin Legas ta ce atafau mutanenta sun haura miliyan 17. Wadda aka shirya yi a 2023 kuwa ɗage ta aka yi.

Ba lissafi ne ya gagara ba. A zamanin Turawa ƙirge yana tafe da haraji da jangali, don haka mutane suna ɓoye kansu da shanunsu. Bayan samun mulkin kai sai abin ya juye, yawan jama'a ya zama ma'aunin rabon arzikin ƙasa da kujerun majalisa, kowa ya koma neman ƙari. Aikin da ke buƙatar dubban ɗaruruwan ma'aikata, waɗanda aka horar cikin 'yan kwanaki, ba wanda zai iya sa ido a kan kowannensu.

Samfuri ya fi kama da abin da mai sayen hatsi ke yi a kasuwar Dawanau. Ba ya zazzage buhu ya duba kowace ƙwaya. Sai ya soka ƙarfe mai rami ta sama da tsakiya da gindi, ya duba abin da ya fito. Ya san algus a ƙasa ake ɓoye shi, mai kyau kuma a baki ake zuba shi, don haka inda ya soka ya fi masa muhimmanci a kan yawan abin da ya ɗebo.

Amurka ta koyi wannan da tsada a zaɓen shugaban ƙasa na 1936. Mujallar Literary Digest ta aika takardun tambaya kimanin miliyan 10, fiye da miliyan 2 suka dawo, ta yi shelar cewa Alf Landon zai kayar da Franklin Roosevelt. Roosevelt ya lashe jihohi 46 cikin 48. Sunayen da ta aika wa, galibi daga kundin masu wayar tarho da masu mota ta samo su, a lokacin da talaka ba shi da ko ɗaya, sannan waɗanda suka damu su mayar da amsa ba irin waɗanda suka yi shiru ba ne. Shi kuwa mai binciken ra'ayin jama'a George Gallup, da mutane kusan dubu 50, ya faɗi wanda zai ci daidai. A yau masana sun fi son a zaɓi mutane ta hanyar ƙuri'a, yadda kowa zai samu damar shiga. In aka yi haka, amsar mutum dubu ɗaya takan kauce wa gaskiya da abin da bai wuce kashi 3 cikin ɗari ba a mafi yawan lokuta, ko jama'ar miliyan ɗaya ce ko miliyan ɗari. Mai son rage wannan kuskure zuwa rabi sai ya ninka samfurin sau huɗu.

Irin bayanin da ake nema shi ma yana raba gardama. Akwai bayanin da rukuni ne kawai, kamar jinsi ko sana'a ko addini, ba a tara shi ba a raba shi. Akwai mai hawa-hawa, kamar firamare da sakandare da jami'a. Akwai adadin da ake ƙirgawa, kamar yawan 'ya'ya, da kuma wanda sai an auna, kamar nauyi da tsayi. Ma'aikacin ƙidaya mai gidaje da yawa a gabansa tambayoyi masu sauƙi kaɗai zai iya yi. Ba zai ɗora jariri a sikeli ba. Amma binciken lafiya da yawan jama'a na 2018, wanda ya zaɓi gidaje kusan dubu 42, ya auna yara, ya gwada jininsu don gano zazzaɓin cizon sauro da ƙarancin jini da sikila, ya kuma gano cewa a lokacin, a matsakaici mace a Najeriya tana haihuwa 5.3. Abin mamaki, addini da ƙabila, da aka cire daga ƙidayar 1991 da ta 2006 don gudun fitina, wannan binciken yana tambayarsu ba tare da wani ya ɗaga murya ba, tunda ba a rabon kuɗi da shi.

Shekarun haihuwa kuwa, ƙidaya da samfuri duka suna ba su wahala. Tambayi dattijon da ba shi da takardar haihuwa, zai ce maka sittin ko sittin da biyar, da wuya ka ji sittin da uku. Sai alƙaluma su taru a kan lambobin da suka ƙare da sifiri ko biyar. Ka gan su lamba, amma da yawansu kintace ne.

A wajena, in dai tambayar ta kaso ce, wato kashi nawa ne suka yi rigakafi ko suke zuwa makaranta, samfurin da aka zaɓa da kyau ya fi ƙidaya araha, ya fi ta sauri, sau da yawa ma ya fi ta gaskiya. Sai dai ba zai gaya wa ƙaramar hukuma yara nawa ne a wata unguwa ba, balle ta san ajujuwa nawa za ta gina. Kuma kafin a yi ƙuri'a sai da jerin wuraren da za a zaɓa daga ciki. Binciken 2018 daga taswirar yankunan ƙidayar 2006 ya zaɓi nasa, taswirar da ta shekara goma sha biyu a lokacin, alhali unguwanni da dama a gefen Kano da Abuja gonaki ne ranar da aka zana ta.