Aiki kwana huɗu a mako: wannan Juma'ar ta wa za ta zama?

Uwargida, ki tuna wata Juma'a kamar kowace Juma'a a unguwar Hubbare. Tun da hantsi hanyar da ta nufi Hubbaren Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ta fara cika da masu ziyara, masu tallan turare da carbi sun baza kayansu. Ke kuwa tun asuba kin tashi yara, kin shirya su, kin tura su makaranta, kin hau kabu-kabu zuwa ofis. Ba ki gama zama ba sai aka ce a tashi, lokacin masallaci ya gabato. Kuɗin abin hawan da kika kashe daidai yake da na ranar Litinin, aikin kuwa rabi ne. A irin wannan ranar ce mace kan tambayi kanta, me zai hana a bar mana Juma'ar nan gaba ɗaya?

Ba ke kaɗai kika taɓa yin wannan tunanin ba, har an gwada shi a Kaduna. Daga ranar 1 ga Disamba, 2021, gwamnatin Malam Nasir El-Rufa'i ta mayar da ma'aikatan jihar kan zuwa ofis kwana huɗu, Litinin zuwa Alhamis, daga ƙarfe 8 na safe zuwa 5 na yamma, ranar Juma'a kuma a yi aiki daga gida. Ta ce tana so ma'aikaci ya samu lokacin iyalinsa, ya huta, ya kuma leƙa gona. Da farko ba a saka ma'aikatan asibiti da malaman makaranta ba, amma a watan Janairun 2022 makarantun gwamnati su ma suka koma kwana huɗu.

Sai ga cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023. Cikin 'yan kwanaki litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 a wurare da dama. Jihohin Kwara da Edo suka sanar da rage ranakun zuwa ofis zuwa uku, Legas ma ta yi irin haka ga ƙananan ma'aikatanta a farkon 2024. Su waɗannan ba maganar hutu ce ta kai su ba, albashi ne ya kasa ɗaukar kuɗin mota.

A waje ma an gwada. A Birtaniya, kamfanoni 61 masu ma'aikata kusan 2,900 sun yi wata shida a 2022 suna aikin kwana huɗu ba tare da an rage wa kowa albashi ba, da aka gama 56 daga cikinsu suka ce za su ci gaba. Wadda ta fi kama da namu ita ce masarautar Sharjah a Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, inda tun farkon 2022 ma'aikatan gwamnati ke hutun Juma'a da Asabar da Lahadi.

Ribar farko a bayyane take: kashi ɗaya cikin biyar na kuɗin zuwa aiki ya dawo jakarki. A wata guda kwana huɗu ke nan, wani watan biyar. Ta biyu, akwai hidimomin da ba sa yiwuwa sai a ranar aiki, kamar banki, awon ciki, kai jariri rigakafi, ko ganin malamin ajin ɗanki. Yanzu sai kin roƙi izini ko kin sulale daga ofis kina ɗar-ɗar.

Amma ribar da ta fi jan hankalina ta yara ce, kuma ban cika jin ana ambatonta ba. Ki lissafa makon ɗanki. Boko Litinin zuwa Juma'a. Makarantar allo da Islamiyya kuwa, bisa tsohuwar al'adarmu, Asabar zuwa Laraba ne, hutunsu Alhamis da Juma'a. Idan kin haɗa biyun, yaron da ke zuwa duka ba shi da rana ko ɗaya a mako da ba ya ɗaukar jaka ko allo. Da boko za ta saki Juma'a, da ita ce za ta zama ranarsa tilo ta hutu, ranar da zai yi wanka a natse, ya bi mahaifinsa Masallacin Shehu, da la'asar a kai shi gaida kakarsa. Wannan ba ƙaramin abu ba ne.

To, sai dai ranar ba kyauta ake bayar da ita ba. A tsarin Kaduna an ƙara awa a sauran ranakun, ana tashi ƙarfe 5. Ga namiji wannan awa ɗaya ce kawai. Ga uwa kuwa, awar nan ita ce lokacin da yara suka dawo daga boko, ake neman wanda zai ba su abinci ya tura su Islamiyya, ita ce kuma lokacin ɗora tukunyar dare. Idan kin bar Sakatariyar Usman Faruk ƙarfe biyar, kika tsaya cefane, magariba ce za ta same ki a bakin murhu. Mai shayarwa kuma ta san abin da awa tara ke nufi. Ki ƙara da zafin Sakkwato na watan Afrilu, lokacin da ma'auni ke wuce 40, ki ce min aikin me ake yi tsakanin ƙarfe uku da biyar a ofishin da ba wuta.

Batun aiki daga gida kuwa, a yi mana afuwa. Da wace wutar, da wace datar, kuma a wane ɗakin da yara ba za su shigo ba?

Ga wadda ta fi damuna. Ranar hutun maigida tasa ce, zai tafi gona ko majalisa, ko ya yi barcinsa. Ranar hutun uwargida kuwa ta kowa ce. Da zarar dangi sun ji cewa ba kya fita ranar Juma'a, an gama raba miki ita: wankin mako, ɗaurin aure, dubiya, baƙin da suka zo ziyarar Hubbare suka ce bari su biyo su gaisa. Mazauna unguwar nan sun fi kowa sanin wannan. Kalmar da za ki riƙa ji ita ce, "ai kina gida." Ga maigidan da a da yake cin abincin rana a waje, yanzu yana zaune yana jiran kwano. Ina ganin mata da yawa za su koma aiki ranar Litinin da gajiyar da ta fi ta da.

Sannan ki duba gidajen layinku, mata nawa ne ke karɓar albashi? Mafi yawa sana'ar hannu ce, masa, awara, ƙuli-ƙuli, ɗinki, kitso. Su makonsu ba ya raguwa, amma kasuwarsu na iya raguwa. Mai tuwon bakin sakatariya da mai awarar ƙofar makaranta za su rasa rana ɗaya cikin biyar. Matar ɗan kabu-kabu ma za ta gani a kuɗin cefane, domin kuɗin da kika adana ranar Juma'a, da aljihun mijinta zai shiga.

A kan makaranta ne nake da ja, duk da abin da na faɗa game da hutun yara. Idan ta gwamnati ta koma kwana huɗu, ta kuɗi ta ci gaba da biyar, ɗan talaka ne aka rage wa karatu, alhali jarrabawar WAEC da NECO ɗaya za su zauna. Kuma a gidan da ake neman na abinci, ranar da yarinya ba ta makaranta, farantin talla ne ke jiranta. Idan za a yi, ko dai a yi wa kowa tare da cike gurbin darussan, ko a bar makarantu yadda suke.

A ofisoshi kuwa ina goyon baya, domin a garinmu Juma'a ce ranar da ta fi arahar saki, tun da can rabi ce. Sharaɗina biyu: kada a rufe wuraren da jama'a ke buƙata, a raba ma'aikata wasu su zo wasu su huta, kuma a bar mai shayarwa ta zaɓi tsohon lokacin tashinta. Ke kuma idan tsarin ya iso Sakkwato, kafin dangi su ji labari ki zauna da maigida ku yanke abin da za a yi da ranar, wa zai kai yara aski, wa zai je kasuwa, da kuma awa nawa ne ba mai ƙwanƙwasa miki ƙofa.