Ciwon Kwatangwalo da Motsin da Ba Ya Cutarwa

Duk wanda ya san hanyar da ta taso daga Damagaram ta ratsa Dogo zuwa Magarya, ya kuma ga yadda 'yan kabu-kabu ke keta yashi da mutum biyu da buhun gero bisa babur ɗaya, ba zai yi mamaki ba in aka ce masa ciwon kwatangwalo ba baƙo ba ne a ƙasar nan. Ga faɗuwa daga amalanke, ga kayen kokawa, ga amosanin jini wanda kan toshe hanyar jini zuwa kan ƙashin cinya har ya lalace tun mutum yana saurayi. Abin da aka saba kuwa, da zarar maɗori ko likita ya gama nasa, sai a shimfiɗa wa majinyaci tabarma a ce ya kwanta har Allah ya kawo sauƙi, alhali doguwar kwanciya, bayan wa'adin da likita ya yanka, wata cuta ce ta biyu.

Dalili shi ne, kan ƙashin cinya dunƙulalle ne, yana juyawa cikin wani kwarmi na ƙashin ƙugu da aka shafe da guringuntsi, kuma naman ɗuwawu da na cinya su ne ke riƙe da shi. In aka bar su ba aiki sai su shanye cikin 'yan makonni, gaɓar ta sandare. Masana a Jamus, da suka sa ma'auni cikin kwatangwalon ƙarfe da aka dasa wa mutane, sun tarar tafiya kawai na ɗora wa gaɓar ninki biyu da rabi na nauyin jiki, gudu kuwa ya zarce haka nesa. Mas'alar ke nan: yaya za a sa nama aiki ba tare da an danne gaɓa ba?

Mafi sauƙin amsa tana kan tabarmar nan da aka zarga. Mutum ya kwanta rigingine, ya lanƙwasa gwiwoyi, tafin ƙafa a ƙasa, ya ɗaga ƙugunsa sannu a hankali, ya ƙirga biyar, ya sauke. Ya maimaita sau goma bayan sallar asuba, sau goma bayan la'asar. Sa'an nan ya miƙe ya dafa bango, ya ware ƙafar mai ciwo gefe kaɗan ya mayar. Ƙa'idar ita ce gajiya halal ce, amma zafi mai suka, ko wanda ya kwana ya wayi gari, alama ce ta an ƙetare haddi. Keke ma yana da fa'ida, domin sirdi ne ke ɗauke da nauyi, da sharaɗin a ɗaga sirdin sama, a kuma bi ƙasa mai tauri.

Amma sanda, a ganina, ita ce aka fi zalunta. Sau da yawa nakan ga dattijo ran kasuwa yana ɗingishi, ciwo a ƙugun dama, kwagiri ma a hannun dama, ya karkace kamar bishiyar da iska ta rinjaya. Daidai shi ne a riƙe ta a hannun da ke ɗaya gefen, ta sauka ƙasa tare da ƙafar mai ciwo, don ta rage wa naman ɗuwawu jan da yake yi, da haka matsin da ke kan gaɓar ya ragu. Samari kan ji kunyarta, suna cewa ta tsofaffi ce. Na fi son kunyar wata uku bisa ɗingishin shekara talatin.

Likitocin Turai kan yaba tafiya cikin ruwa, kuma gaskiyarsu, gama wanda ruwa ya kai masa ƙirji bai ɗauke da fiye da sulusin nauyinsa ba. Illa dai tafkunan kwarin Korama ba kududdufin asibiti ba ne: akwai dodon koɗi mai ɗauke da tsargiya, ga laka mai santsi, don haka ban ba kowa wannan shawara a nan ba.

Saura tsugunno da zaman harɗe, waɗanda ke matse gaɓar ƙwarai. A sa kujera mai tsayi a zaure, a huda wata a kai makewayi. Game da salla kuwa, malaman fiƙihu sun yi ittifaƙi cewa wanda ya kasa tsayuwa ya yi ta a zaune, in ya kasa ruku'u da sujada ya yi ishara gare su, kuma ladansa bai tauye ba. Wanda ƙafarsa ta gajarce ko ta juya waje bayan faɗuwa, ko ya kasa taka ta sam, ko zazzaɓi ya biyo ciwon, wannan ba mai motsa jiki ba ne tukuna. A ɗauke shi zuwa babban asibitin Damagaram a yi masa hoton ƙashi.