Hanyar Raba Fayil Tsakanin Kwamfutoci Ba Da Wahala Ba

Kowane akawu ya san yadda takarda kan daɗe a hanya idan sai ta bi ta hannun mutum uku, kowa yana kwafe ta kafin ya miƙa gaba. To, haka abin yake ga kwamfutoci. Tun 1984 kamfanin Sun Microsystems na Amurka ya fito da tsarin NFS, wanda ke sa kwamfuta ta buɗe fayil ɗin da ke ajiye cikin wata. Amma bisa tsohuwar hanya, tilas ne ƙwaƙwalwar na'urar ta bar aikinta ta riƙa kwafar saƙo daga wuri zuwa wuri.

Dabarar da ake kira RDMA ita ce maganin wannan. Watau katin sadarwa na wannan kwamfuta shi ke zuba saƙo kai tsaye cikin ma'ajiyar waccan, ƙwaƙwalwa kuwa ta ci gaba da lissafinta.

Ga yadda mukan shirya ta a tsarin Linux. Da fari, sai a tabbata katunan ɓangarorin biyu iri ɗaya ne. Iri uku ake da su: InfiniBand, da iWARP, da RoCE wanda ya fito a 2010. Mai RoCE ba ya jin maganar mai iWARP, saboda haka a bincika kafin a kashe kuɗin ofis. Na biyu, a uwar garke sai a rubuta sunan jakar da za a raba cikin /etc/exports, a kunna rdma cikin /etc/nfs.conf. Ƙofar da aka keɓe wa wannan aiki ita ce 20049, maimakon 2049 ta yau da kullum. Na uku, a kwamfutar da za ta karɓa, lalle a ambaci rdma da lambar ƙofar a lokacin haɗawa. Wanda ya manta da wannan, saƙonsa zai bi tsohuwar hanya, katin mai tsada kuwa yana zaune banza.

Muna kuma jan kunnen malamai da akawuna game da /etc/exports. A rubuta sunayen kwamfutocin da aka yarda da su kaɗai, kada a bar ƙofa a buɗe ga kowa, domin takardun jarrabawa da na albashi amana ne. Rigakafi ya fi magani.

Allah ya sa mu dace, amin.