Gashin mace na zubewa: shin zuciya na da hannu?

Galibin matanmu kan nan nasu a rufe yake da kallabi, don haka in gashi ya fara raguwa, daga mai shi sai makitsiya ke sani. Magani kuwa bai wuce man kaɗanya da haɗe-haɗen kasuwa ba. Amma akwai wata irin zubewa da likitoci ke ganin ta cancanci a duba fiye da fatar kai.

Ba kowace zubewa ba ce abin tsoro. Mutum lafiyayye yakan zubar da gashi 50 zuwa 100 kowace rana. Mai jego ma takan ga gashi cike da mataji wata biyu zuwa huɗu bayan haihuwa, daga baya ya dawo. Ƙarancin jini da ciwon maƙoƙo suna kawowa. Wanda ke cin gaban goshi da gefen kunne kuma, sau da yawa kitso ne mai tsauri da gashin doki, babu ruwan zuciya.

Wanda ake magana a kai shi ne mai farawa daga tsakiyar kai: tsaga ta riƙa faɗi, gashi ya yi siriri, gaban goshi kuwa yana nan. A shekarar 2010, likitocin fata a birnin Garanada na ƙasar Sifen sun gwada maza da mata da wannan zubewa ta kama da wuri, da waɗanda ba ta kama ba. Sun tarar masu ita sun fi haɗa hawan jini, tumbi, da rikicewar sukari da maiƙo a jini, sun kuma fi samun daskararren maiƙo a jijiyoyin wuya. Waɗannan su ne ke share wa bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki hanya.

To, a yi hattara. Binciken bai ce zubewar gashi ke kawo ciwon zuciya ba. Abin da ake zato shi ne tushensu ɗaya: jiki ya daina jin insulin yadda ya kamata, sinadarin maza ya yi tasiri fiye da ƙima. Shi ya sa mace mai matsalar ƙwan mahaifa da ake kira PCOS takan haɗa haila mai tsallake wata, gashi a haɓa, ƙuraje, da raguwar gashin kai.

Wani abin mamaki, minoxidil da ake shafawa don tsiro da gashi, asalinsa maganin hawan jini ne.

A ganina, 'yar'uwa, in tsagarki na faɗi tun ba ki kai 40 ba, musamman in akwai hawan jini ko ciwon sukari a danginku, kuɗin kwalbar mai ɗaya ki kai su asibiti tukuna. A auna miki jini, a gwada sukari kafin ki karya kumallo, in da hali a duba maiƙo. Kuma ki cire kunya ki buɗe kan a gaban likita ko ungozoma, don ba za su tambayi abin da kallabi ya rufe ba.