Me ya sa ake mayar da bakwaini asibiti bayan an sallame su?

Jarirai bakwaini da dama akan sake kwantar da su a asibiti kafin su cika shekara guda, ko da sun bar sashen kulawa ta musamman cikin ƙoshin lafiya.

A ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya, bakwaini shi ne jaririn da aka haifa kafin ciki ya cika mako 37. Hukumar ta ƙiyasta cewa an haifi irin waɗannan jarirai miliyan 13.4 a shekarar 2020, wato kusan ɗaya cikin kowane goma.

Babban abin da ke mayar da su asibiti shi ne matsalar numfashi. Huhu na daga cikin gaɓoɓin da kan makara wajen ƙosawa, kuma jaririn da ya daɗe a kan na'urar taimakon numfashi yakan fita da huhu mai rauni.

Haka kuma, yawancin garkuwar da uwa ke bai wa ɗanta tana shiga jikinsa ne a watanni ukun ƙarshe na ciki. Wanda ya zo da wuri bai samu cikakken rabonsa ba.

Shi ya sa ƙwayar cutar RSV, wadda ba ta wuce mura ga yawancin manya, kan toshe masa ƙananan hanyoyin iska har ya buƙaci iskar oksijin.

Waɗanda aka haifa tsakanin mako 34 da 36 kuwa, galibi shawara da rashin kama nono sosai ne ke mayar da su a makonnin farko.

Akwai hanyoyin rage haɗarin. A 2023 Amurka ta amince da allurar nirsevimab, wadda sau ɗaya ake yi wa jariri domin kare shi daga RSV na tsawon watanni. Ingila kuma ta fara yi wa masu juna biyu rigakafin cutar a 2024.

Tsarin ɗora jariri a ƙirjin uwa, fata da fata, wanda aka faro a birnin Bogota na Kolombiya a 1978, yana ɗumama shi, yana kuma taimaka masa ya kama nono.

Likitoci na shawartar iyaye su nisanta jaririn daga hayaƙi da masu mura, su riƙa wanke hannu kafin ɗaukarsa, kuma su garzaya asibiti da zarar ya ƙi nono, ko numfashinsa ya yi sauri, ko jikinsa ya yi sanyi ko zafi.