ZAƁEN KATAKO DA KARE SHI DAGA RUWA SHI NE RAN AKWATIN LASIFIKAR MOTA

A kowace damina masu motoci da dama a biranenmu suna yin asarar kuɗi masu yawa ta wata hanya da ba kasafai ake lura da ita ba, watau ruɓewar akwatin babbar lasifika da ake ajiyewa a but ɗin mota, wadda samari suke kira wufa. Mutum zai sayi lasifika mai tsada da amfilifaya mai ƙarfi, sa'an nan ya je wurin kafinta a haɗa masa akwati da kowane irin guntun katako da aka samu. Kafin ruwan Agusta ya ɗauke sai akwatin ya kumbura, gaɓoɓinsa su buɗe, amon ya koma kwaramniya kamar ana buga tsohon garwa.

AMFANIN AKWATI

Ita wufa aikinta shi ne fitar da amo mai kauri, wanda girgizarsa take kamawa daga kimanin 20 zuwa 200 a cikin daƙiƙa ɗaya. Sa'ad da faifan lasifika ya tura iska gaba, to a daidai wannan lokaci yana janyo ta ta baya. Idan babu abin da ya raba gaba da baya, sai iskokin biyu su haɗu su kashe juna, amon mai kauri ya ɓace. Aikin akwati ke nan: raba su.

Akwatin iri biyu ne aka fi sani. Akwai mai kafar iska, wanda wani injiniya Ba'amurke, Albert Thuras, ya sami takardar mallakar fasaharsa a 1932. Akwai kuma rufaffe ruf, wanda Edgar Villchur ya fito da shi a Amurka a 1954, inda iskar da aka kulle a ciki take tallafa wa faifan kamar matashi. Daga baya Neville Thiele a 1961, da Richard Small a farkon shekarun 1970, dukansu a ƙasar Ostiraliya, suka tsara lissafin da masana'antu suke bi har yau wajen faɗin girman akwatin da ya dace da kowace lasifika. Duk wannan lissafi ya dogara ne a kan sharuɗɗa biyu: kada bangon akwatin ya yi rawa, kuma kada iska ta zurare ta inda ba a nufa ba. Katako maras kyau yana karya sharaɗi na farko, ruwa kuwa yana karya duka biyun.

WANE KATAKO?

Wanda ya shiga kasuwar 'yan katako ta Na'ibawa a Kano, ko Panteka a Kaduna, zai tarar da iri huɗu da za su iya jan hankalinsa.

Na farko shi ne katakon MDF, wanda aka fara yinsa a Amurka cikin shekarun 1960. Ana niƙe itace ne ya zama zare-zare, a cuɗa shi da gam, a matse da zafi. Ba shi da jijiya, ba shi da ƙulli, nauyinsa ɗaya ne ko'ina, saboda haka ba ya amsa kuwwa. Shi ya sa mafi yawan akwatunan lasifika na duniya da shi ake yinsu. Amma yana da aibi biyu. Yana da nauyi, domin falle ɗaya mai ƙafa 8 da ƙafa 4, mai kaurin milimita 18, yana kai wajen kilo 40. Sa'an nan yana shan ruwa kamar soso, musamman ta bakin da zarto ya yanka, kuma in ya kumbura ba ya komawa yadda yake ko da ya bushe.

Na biyu shi ne filawud, watau siraran fallayen itace da aka liƙa, jijiyar kowane falle tana gicciye da ta na ƙarƙashinsa. Ya fi MDF ƙarfi da riƙe sukuru, ya kuma fi shi jure laima. Sai dai filawud suna suka tara. Mai araha yakan zo da ramuka a tsakanin fallayensa, waɗanda suke yin ƙara idan amo ya yi ƙarfi. Mai kyau ana gane shi ta bakinsa: fallaye masu yawa, kaurinsu ɗaya, babu giɓi. Akwai kuma filawud na jiragen ruwa, wanda a Ingila aka tsara masa ma'auni mai lamba BS 1088, kuma sau da yawa da itacen okume na ƙasar Gabon ake yinsa. Abin lura shi ne, gam ɗinsa ne ba ya jin ruwa; itacen kansa yana bukatar shafi kamar kowane itace.

Na uku shi ne katakon da aka matse daga ɓarɓashin itace, irin wanda ake yin kabad mai araha da shi. Wannan gara a bar shi a kasuwa. Ba ya riƙe sukuru, kuma ruwa kaɗan yana mai da shi kamar dusa.

Na huɗu shi ne tsagaggen katako, kamar maɗaci ko loko. Duk da ƙwarinsa da kyawunsa, bai dace da wannan aiki ba a ƙasa irin tamu. Itace yana buɗewa da damina, yana tsukewa da hunturu sa'ad da iska ta bushe ƙayau, ga kuma zafin bazara da yake mai da but ɗin mota kamar tanda. Wannan kai da kawo shi yake tsaga shi, ya buɗe gaɓoɓi.

Saboda haka, ga motar da but ɗinta ba ya yoyo, MDF mai kaurin milimita 18 ya wadatar in an shafe shi. Ga motar haya, ko a-kori-kura, ko Keke mai ƙafa uku da feshin ruwa yake shiga ta ko'ina, filawud mai kyau shi ne zaɓi.

AWO DA HAƊI

Girman cikin akwati ba da ka ake yinsa ba. Takardar da take zuwa da lasifika tana faɗinsa. Yawancin wufa masu inci 12 suna bukatar rufaffen akwati mai cin lita 28 zuwa 35. Misali, akwatin da cikinsa yake inci 14 da 14 da 11 yana cin kimanin lita 35. Mai kafar iska ya fi haka girma. Kuskuren da aka fi yi shi ne auna waje maimakon ciki, a manta da kaurin katako.

Wajen haɗi, gam shi ne mai riƙo na ainihi, sukuru taimako ne kafin gam ya kama. Lalle ne a fara huda rami kafin a ɗaura sukuru a bakin MDF, in ba haka ba zai tsage. Ana so a ninka katakon fuskar da lasifika za ta zauna, a kuma sa tokari a ciki tsakanin manyan bangaye don hana su rawa.

MAGANIN RUWA

Kafet ɗin da ake lulluɓe akwati da shi ado ne kurum. Hasali ma in ya jiƙe riƙe ruwa yake yi a jikin katako kwana da kwanaki. Kariya ta gaskiya tana ƙarƙashinsa.

Da farko a goge katako da samfefa, a share ƙura. Sa'an nan a fara da bakunan da aka yanka, domin ta nan ruwa yake shiga, a shafa musu banish ko fentin share fage mai mai har sai sun daina sha. A guji fenti mai ruwa a kan tsiraicin MDF, domin shi da kansa yana tayar da shi. Bayan haka a shafe akwatin duka, ciki da waje, har da bakin ramin lasifika da na waya, shafi biyu ko uku, ana barin kowane ya bushe. Wanda yake da hali ya yi amfani da ruwan gam na ifoksi, ko ruwan faiba irin wanda masu gyaran jikin mota suke aiki da shi, domin su ne suke zama kamar kwalba in sun daskare.

Gaɓoɓin ciki kuwa a bi su da silikon. Amma akwai irin silikon da yake fitar da tururi mai tsami yayin da yake bushewa, wanda yake iya cin soson bakin lasifika da gam ɗinta, don haka a bar akwatin a buɗe aƙalla kwana ɗaya ko biyu kafin a ɗaura ta. Daga ƙarshe a sa wa akwatin ƙafafu na roba don ya ɗaga daga ƙasa. Gwajinsa mai sauƙi ne: a danna faifan rufaffen akwati a hankali, in ya dawo sannu a hankali babu yoyon iska, in ya dawo farat ɗaya akwai kafa.

Har ila yau, rigakafi ya fi magani. Mafi yawan ruwan but yana shiga ne ta tsohuwar robar murfi ko ta gefen fitilun baya, ya taru a ramin safaya. Gyaran waɗannan bai kai kuɗin sabon akwati ba.

LAFIYA DA RAI

Akwai abin da ya fi kuɗi. Hukumar binciken ciwon daji ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa ƙurar katako da sinadarin fomaldihaid, wanda yake cikin gam ɗin yawancin MDF, a jerin abubuwan da suke jawo ciwon daji. Wajibi ne kafinta da yaransa su rufe hanci, su yi yanka da shafi a sarari inda iska take kaɗawa.

Mai mota kuma ya sani akwatin da lasifikarsa yakan wuce kilo 20. In ba a ɗaure shi da ƙarfe a jikin mota ba, ranar da aka taka birki da ƙarfi ko aka yi karo, zai taso kan fasinjojin baya, musamman a motocin da but ɗinsu yake haɗe da ciki. Haka nan amon da ya hana direba jin ham ko jiniya haɗari ne gare shi da sauran masu bin hanya. Ya kamata masu motoci su nemi kafintan da ya san awo, su biya kuɗin shafi tun farko, su kuma tabbata an ɗaure akwatin kafin damina ta sauka.