Yadda Ake Gano Cutar Babbar Na'ura

Ran 25 ga Fabrairu, 2023 ma'aikatan zaɓe a Kontagora, kamar sauran 'yan'uwansu ko'ina cikin ƙasa, sun ga abin mamaki. Takardun sakamakon zaɓen Majalisar Tarayya suna shiga rumbun IReV na Hukumar Zaɓe lafiya lau, amma na Shugaban Ƙasa sun ƙi shiga. Ya kamata jama'a su san yadda ake binciken irin wannan matsala.

Abin da na'urar BVAS ta aika yana sauka ne a wata babbar na'ura da ake kira saba. Ita kuwa tana da rajista, kamar ta akawun asibiti, inda take rubuta kowane saƙo, da lokacin zuwansa, da amsar da ta mayar. Wannan rajista ita injiniyoyi ke fara buɗewa. Kowace amsa da lambarta. Lambar 200 na nufin lafiya. Wadda ta fara da 4 takan nuna kuskuren yana wajen mai aikowa, wadda ta fara da 5 kuwa, cutar tana cikin sabar kanta.

Bisa rahoton da Hukumar ta fitar a 2024, amsar da aka riƙa samu a ranar ita ce 500. Watau saƙon ya isa, ke nan ba rashin sabis ba ne. Sa'an nan aka gwada wanda ya shiga da wanda ya ƙi, nan ne fa gwanintar aikin take. An tsara manhajar ta ajiye kowane sakamako ƙarƙashin jiharsa. Na ɗan majalisar Kontagora, Wushishi, Mariga da Mashegu yana da mazauni a Jihar Neja, amma zaɓen Shugaban Ƙasa ba na wata jiha ɗaya ba ne, don haka manhajar ta rasa inda za ta sa shi.

Ganowa da gyaran sun ci sa'o'i, jinkirin kuwa ya jawo zargi mai yawa, har maganar ta kai kotu. Rahoton ya ce takardar farko ta sakamakon Shugaban Ƙasa ta shiga rumbun da ƙarfe 8:55 na daren ranar.